Ɗinkin Bakin Buhu

Talata, 18 ga Nuwamba, da yamma

Na dawo daga taron ƙungiya, ko takalmi ban cire ba na zauna rubutu. Ga ƙanƙara tana narkewa a kan dardumar da mijina Orest ya hana kowa takawa da takalmi shekara da shekaru. Ta narke mana. Wa zai yi faɗa?

Sun yanke. A ɗakin ƙasa na coci, inda mu masoyan mawaƙi Renzo Valdieri na garin Dauphin muke haɗuwa kowace Talata mu sha kofi mu yi saƙa, aka yanke cewa mijina ba zai hau bas ba bana. Verna ce ta faɗa, tunda ita ce shugaba. Ta dafa hannuna tana magana a hankali kamar mai lallashin yaro kafin allura. Wai don mutuncinsa ne. Wai tafiyar Winnipeg da nisa, ga hayaniya, ga fitilu. Ba wadda ta ambaci abin bara. Kowa ta sunkuya kan saƙarta, sai ka ce yau ta fara koyo.

Bari in rubuta dokar yadda take, don na ga an fara yi mata kwaskwarima. Kowace shekara muna saƙa wa Renzo jan mayafin wuya. Kowa ta saƙa guntunta, a haɗa su, ranar wasansa na Kirsimeti a Winnipeg mutum ɗaya ya hau dandamali ya miƙa masa, shi kuma ya naɗa a wuya ya yi waƙar ƙarshe da shi. Sunan mai miƙawa daga cikin hula ake zaro shi a watan Janairu, kuma bana sunan Orest ne ya fito. Shi kaɗai ne namiji a cikinmu. Bai iya saƙa ba, amma duk zaren ulun da muka taɓa naɗewa a hannuwansa aka rataya shi, kuma kafin mu samu bas shi ya riƙa kwasar mu a motarsa cikin dusar ƙanƙara, yana jin surutunmu har Winnipeg bai taɓa cewa uffan ba. Ranar da sunansa ya fito dariya ya yi ta yi har da hawaye.

Na ce to, in ba zai je ba, ni matarsa in miƙa a madadinsa. Verna ta ce ai doka ta ce idan wanda aka zaɓa bai samu dama ba, shugaba ke miƙawa. A kan teburin kicin ɗina aka kafa ƙungiyar nan, ban taɓa jin wannan doka ba. Sau biyu fa matar nan ta taɓa hawa dandamalin.

Sannan ba kunya ba tsoron Allah ta miƙo min jakar guntayen, ta ce, "Nettie, ke dai za ki haɗa mana kamar kullum ko? Ba mai hannunki a garin nan."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na karɓi jakar. Har na ce na gode.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da safe

Na gode. Ni Nettie, da bakina, na ce wa Verna na gode.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan abincin rana

Na je wurin Orest. Yau ya san ni tun daga bakin ƙofa, ya ce, "Tsohuwa, ina kika shiga?" kamar kanti na je na daɗe. Na kai masa perogi, ƙullin fulawar nan mai dankali a ciki, ya cinye tas, ya ce na gidan nan kamar takalmin roba suke. Sun sa masa rigar sanyin wani, hannun bai ma kai masa wuyan hannu ba. Na yi magana, ma'aikaciyar ta ba ni haƙuri. Tun bazara da muka kawo shi gidan kula da tsofaffin nan haƙuri ake ba ni, na tara har ban san inda zan zuba ba.

Ban gaya masa ba. Ya tambayi motarsa, na ce tana gareji. Ba ta gareji. Ya tambaya ko ana zuba wa tsuntsayensa hatsi, na ce kullum, wannan kam gaskiya ce.

Da zan tafi sai ya fara 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Waccan waƙar. Na ja ƙofa da sauri.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da hantsi

Lesia ta kira daga Calgary. Na ɗauka 'yata za ta taya ni jin haushi, ashe Verna ta riga ni kiranta. Wai Mama ki duba, Anti Verna tana da gaskiya, likita ma ya ce kada a sake kai Baba cikin taro. Na ce na ji zancen bas, na haɗiye, zancen mayafi nake yi. Ta ce, "Mama, mayafi ne fa kawai." Na ce haka ne, ubanki ma tsoho ne kawai. Sai ta ce tana da abu a kan wuta.

Anti Verna. Ita ce har da kiran 'yata ta bayan gida.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, bayan coci

Verna ta zauna a gabana da sabon gyaran gashi. Lokacin gaisuwar salama ta juyo ta miƙo min hannu. Na dama, mai zoben nan na koren dutse. Shi ne hannun da ta ɗaga bara. Bai ma yi sama sosai ba, iya kunne, yatsu biyu, yadda ake kiran mai kawo abinci. Na kama shi na ce salamar Ubangiji ta tabbata gare ki. Allah ya ji ni, ya kuma san abin da ke cikina.

A wurin shan kofi Gladys, 'yar ƙungiyarmu, ta raɗa min cewa Verna ta sayi doguwar riga kore mai ƙyalli tun watan Oktoba. Oktoba. Wato kafin taro, kafin sabuwar doka, kafin dafa hannu. Gladys ba da mugunta ta faɗa ba, ita baiwar Allah ce, bakinta ne ba ya riƙe magana. Tana gama faɗa ta ga fuskata, ta cusa biskit a baki.

Talata, 25 ga Nuwamba, da yamma

Na je taro. Na yi fara'a, na yaba kek ɗin Verna, wanda ya bushe kamar katako. Kujerar Orest ta kusa da tukunyar kofi an ɗora mata riguna.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da safe

Hatsin tsuntsaye ya ƙare, na jawo sabon buhu daga gareji. A da Orest ke buɗewa. Na nemi almakashi ban gani ba, sai na tuna yadda yake yi: ya nemo bakin zaren ta gefen da ya dace, ya ja sau ɗaya, ɗinkin ya warware firrr daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na gwada, buhu ya buɗe. Na tsaya riƙe da zaren, sanyi na cin yatsuna, ban motsa ba sai da tsuntsayen suka fara zagina daga kan shinge.

Ɗinkin bakin buhu. Da kwarashi ma ana yin sa, kuma a ido ba shi da bambanci da haɗin kirki, har ya fi shi kyan gani. In zare ɗaya ne ya bi duk mahaɗan, ya bi ta gefe daga wannan zuwa waccan, ja ɗaya ya ishe shi.

Kuma a hutun rabin lokaci na wasan, mayafin yana bin layin kujerunmu hannu zuwa hannu, kowa ta sa shi cikin kwat ɗinta ta ɗumama, don kada Renzo ya ɗora abu mai sanyi a maƙogwaro. Haka muke yi tun farko. Ni ce ta ƙarshe, don ni ke ninke shi in ɗaure da siririn farin ƙyalle kafin a hau da shi. Ba mai hannuna a garin nan, in ji shugaba.

Na zuba wa tsuntsaye hatsi fiye da kullum.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, da rana

An ce rama cuta ga macuci ibada ne. Ban gan shi a Littafi Mai Tsarki ba, amma na yarda da shi.

Litinin, 1 ga Disamba, da yamma

Ulu ba zai yi ba, yana kama ɗan'uwansa, sai ya maƙale a rabin hanya. Na je kanti na sayo jan zare mai santsi, launinsa ɗaya da ulun. Mai kantin ta tambayi abin da zan yi, na ce kwalliyar bishiyar Kirsimeti. Ban ma fito da bishiyar ba bana.

Na gwada a kan tsofaffin guntaye, na ninke su, na sa cikin kwat, na zauna a kujerar kicin na kunna faifan Renzo. Na ja. Zaren ya biyo hannuna sumul, ba ƙara, ba tirjiya. Na naɗe shi a yatsu cikin aljihu. Da na fito da ninkin yana nan kamar ba a taɓa shi ba, sai da na kama bakinsa na yarfa sannan ya watse a ƙasa. Na yi dariya ni kaɗai a kicin, irin dariyar da na manta ina da ita. Renzo yana can yana jan dogon numfashinsa, bai san me ake ciki ba.

Shi ba ruwansa, na sani. Ina son mutumin nan tun yana da baƙin gashi. Amma a hannunsa abin zai buɗe, ita kuma Verna tana tsaye kusa da shi cikin koriyar rigarta, mutum dubbai suna kallo. Ina so ta ji yadda idon mutane yake da nauyi a ƙeya.

Alhamis, 4 ga Disamba, da la'asar sakaliya

Gladys ta kawo guntunta, ita kaɗai ta rage. Yatsunta sun kumbura, ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe mata biyu. Saƙar duk ta karkace, wani wuri a matse, wani wuri a sake. Ta ce in ɓoye nata a tsakiya inda zai shige bayan wuyansa. Ta ce jikinta na ba ta wannan ne na ƙarshe da za ta iya saƙawa, shi ya sa ta dage, wani lokacin layi biyu kacal take yi a wuni.

Na dafa mata shayi. Ta kalli kujerar Orest, ta ce, "Nettie, ni fa ban ɗaga hannu ba ranar ƙuri'ar nan."

Na ce, "Ba ki kuma buɗe baki ba."

Ta ce ita ba ta iya rigima ba, na san halinta. Na san halinta kuwa. Tun muna 'yan mata in ana dukan wani Gladys kuka take yi, amma ba ta taɓa riƙe hannun mai dukan ba. Na raka ta har mota don kada santsi ya kwashe ta.

Lahadi, 7 ga Disamba, da yamma

Na shimfiɗa guntayen a kan tebur. Na Gladys na kalla, na daɗe ina kallo. Na ɗauko allurar haɗin kirki, na zura mata ulu, na haɗa mahaɗa ɗaya yadda Allah yake so. Ba na jin daɗin kaina yau. Wataƙila Lesia ce mai gaskiya, mayafi ne kawai.

Talata, 9 ga Disamba, da yamma

Na farke mahaɗar ranar Lahadi. Na farke ta da haƙorana.

Yau a taro Verna ta tashi ta gwada mana jawabin da za ta yi a dandamali. Har da takunta, har da inda za ta ɗan rusuna. Ta ce za ta ce masa, wannan kyauta ce daga matan Dauphin masu ƙaunarka. Matan Dauphin. Na ce a ƙara sunan Orest mana, ko sau ɗaya, tunda rabonsa ne. Ta karkata kai ta ce, "Haba ƙawata, kada mu tuna wa bawan Allahn nan abin da ya wuce. Ya yafe mana, sai mu bar kaza cikin gashinta."

Ya yafe mana. Me aka yi masa da zai yafe?

To bari in rubuta, tunda ba mai faɗa. Bara, a waƙar daren haihuwar Almasihu, wadda Renzo yake yi a hankali bayan masu goge sun ajiye, mijina ya miƙe tsaye ya kama waƙar tare da shi. Shekara arba'in yana cikin mawaƙan coci, muryarsa tana nan garau, ko kuskuren kalma ɗaya bai yi ba. Wurin ne kawai ya ɓace masa, ya ɗauka a coci yake. Ina jan rigarsa a hankali, da an ba ni minti ɗaya da ya zauna. Sai Verna ta ɗaga yatsu biyu. Ma'aikatan zaure suka zo su biyu cikin baƙar kwat, suka kama shi hagu da dama, suka bi da shi doguwar hanyar nan ta tsakiyar kujeru har ƙofa, yana waƙa, mutane na ɗaga wayoyi. Ni ina biye da hularsa a hannu. A bas ɗin dawowa ba wadda ta zauna kusa da mu.

Shi ke nan abin da ya wuce ɗin. Na rubuta shi.

Laraba, 10 ga Disamba, da safe

Matan Dauphin.

Juma'a, 12 ga Disamba, da rana

Na gama. Wallahi ban taɓa haɗa mayafi mai kyan wannan ba. Na kai wa Verna ta gani, ta shafa shi ta ce kamar daga kanti. Ta ja shi ta gwada ƙarfinsa, amma ɗinkin buhu ba ya jin ja ta tsakiya, sai ta bakinsa. Bakin zaren kuwa na cusa shi cikin guntuna, inda yatsana kaɗai ya sani.

Ban je wurinsa ba yau. In na gan shi zan iya yin sanyi.

Asabar, 13 ga Disamba, da asuba

Bas zai tashi in gari ya waye, wasan na rana ne. Na sa baƙar rigata da 'yan kunnen da ya saya min. Na dafa naɗin kabeji na hanya kamar kullum, su ci su ƙoshi.

Lahadi, 14 ga Disamba, da safe

Ban je coci ba. Bari in rubuta tun da zafinsa.

A bas an yi ta raha. An ci naɗin kabejina, an yi gardama kan ko Renzo ya rina gashi, wata ta rantse ya rame tun da ya sake aure. Verna ta rataya koriyar rigar cikin leda a bayan direba, duk wanda ya wuce sai ta ce a yi a hankali. Ni ina baya, jakar mayafi a cinyata.

Zauren kuwa kamar kullum ya sa ni jin ni ba kowa ba ce. Bishiyoyin Kirsimeti har rufi, ƙanshin turaren mata da na rigunan sanyi masu danshi, tsofaffi irinmu daga kowane ƙauye kowa da adonta. Da aka rage fitilu, masu goge suka fara, ya fito cikin baƙar kwat yana murmushin nan nasa, sai zauren ya ɗauka da tafi. Ya buɗe baki. Na zo da mugunta a jaka, amma muryar nan ba ta tambayar abin da ka zo da shi, ta ratsa ni har tafin ƙafa. Na yi kuka, kamar yadda nake yi kowace shekara. Kujerar da ke damana wani baƙo ne a kai, yana ta cin alewa.

A hutun rabin lokaci aka fara ɗumama mayafi. Ina kallonsa yana tahowa daga kwat zuwa kwat. Gladys ta daɗe da shi fiye da kowa, ta rungume shi ta rufe ido. Ya iso hannuna da ɗuminsu duka a jikinsa. Na ninke shi, na sa cikin kwat. Aka sake rage fitilu.

Ban ja ba sai da aka zo waƙar daren haihuwa. Masu goge suka ajiye, zauren ya yi tsit, ya fara a hankali. Ba wanda ya miƙe bana. Na nemo bakin zaren na ja. Ya biyo ni sumul, na yi ta naɗewa a yatsu har ya ƙare. Na ɗaure ninkin da farin ƙyalle, na miƙa wa Verna, ta ce min Allah ya yi albarka.

Ta hau. Rigar tana walƙiya, ta yi takunta, ta yi rusunonta, ta ce daga matan Dauphin masu ƙaunarka. Ya sumbaci hannunta, na dama. Ya kwance ƙyallen, ya kama bakin mayafin ya yarfa shi sama yadda yake yi kowace shekara don mutanen bene su gani.

Ya watse. Jajayen guntaye ko'ina, ɗaya a kan mai goge, ɗaya ya faɗo ƙasa wurin 'yan layin gaba, shi kuma ya tsaya da guntu ɗaya a hannu kamar hankici. Sai wani a bene ya fashe da dariya, sai kowa ya ɗauka. Renzo ya ce a makirufo da alama bana sai ya koyi saƙa da kansa, aka ƙara kwashewa. Wayoyi suka tashi sama.

Verna ta durƙusa tana tattara guntayen. Ba wanda ya sa ta. Tana ɗauka suna zubewa, tana ba shi haƙuri, makirufonsa yana kwaso muryarta. Da ta zo tashi gwiwarta ta ƙi, gwiwar nan da aka yi mata aiki. Ta yunƙura, ta koma. Sai ga ma'aikatan zaure su biyu cikin baƙar kwat, suka ɗaga ta hagu da dama, suka sauko da ita, suka bi da ita ta tsakiyar kujeru har ƙofa. Wannan ban shirya shi ba, daga sama ya zo.

Ba zan yi wa takarda ƙarya ba, ya yi min daɗi. Daɗi har cikin ƙashina. Shekara guda ina ɗauke da dutse a ƙirji, jiya na ji ya motsa. Renzo ya yi waƙar ƙarshe da wuya a buɗe, na fi kowa tafi.

A bas ba wadda ta tambaye ni komai. Duk masaƙa ne, sun ga gefen guntayen sumul ba tsinkewa, sun san hannu ne. Verna ta zauna gaba da kwat a kan rigar, ba ta juyo ba har Dauphin. Wurin sauka Gladys ta tsaya kusa da ni tana neman safar hannunta, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Nawa ma ya faɗi, Nettie. Wani ya taka shi." Ta ƙi yarda in riƙe ta a kan santsi.

Na san ba ni da Talata kuma. Na sani tun ranar buhu.

Lahadi, da yamma

Na je wurinsa da zaren a aljihu. Na same shi a bakin taga cikin tasa rigar yau, maɓallan a karkace. Ya san ni. Na zauna na ba shi labari tun daga farko, yadda mayafi ya watse, yadda aka yi dariya, yadda aka ɗaga ta aka fita da ita. Ina faɗa ina jiran ya yi dariyar nan tasa mai hawaye. Na ce na rama maka, tsoho.

Ya saurara da kyau. Da na ambaci Renzo sai fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Ɗan Italiyanki? Ai na yi waƙa da shi. Kin manta? Ni da shi, mu biyu, a gaban duk Winnipeg."

Na ce ban manta ba.

Ya ce, "Kowa ya juyo yana kallona, suna ta ɗaukar hoto. Sannan aka turo mutum biyu da baƙar kwat suka raka ni har ƙofa, ɗaya nan ɗaya nan, kamar firayim minista. Ke kina baya riƙe da hulata." Ya yi dariyar, har da hawayen. "Verna ce ta kira min su, na ga hannunta. Ita ma an raka ta kika ce? To madalla, ta cancanta. Mace mai kirki. Ki gaishe ta."

Na rasa abin da zan yi da hannuna, sai na kwance maɓallan rigarsa na sake ɓalla su daidai, tun daga ƙasa har wuya. Ya ɗaga haɓa yana jira in gama, yana 'yar waƙarsa. Yau ban ja ƙofa ba, na zauna har ya kai ƙarshe.

Na ce masa zan gaishe ta.

Ba zan gaishe ta ba.